Sammacin da Akuya Ta Cinye

Har gobe ban manta da ranar da aka fizge sammacin kotu daga hannuna, aka yaga shi, aka jefa wa akuya ba. Tun da kun ce kafin a tashi daga wannan zama in ba ku labari guda daga cikin shekarun da na yi ina aiki, to wannan zan ba ku, musamman ku sababbin shiga da kuke kai sammaci a kan babur, ga salula a aljihu.

Sunana Isaka. A shekarar babban farin nan na 1984 ni ɗan saƙon kotu ne a Tahoua. Pulanto ake ce mana, kuma mu ne ƙarshen layi a gidan. Alƙali ne a sama, sai girefiye, wato magatakardan da ke rubuta duk abin da aka faɗa a zaman shari'a, sai masu buga takardu a mashin, sannan mu. Amma duk wanda za a kira gaban alƙali, ta hannunmu kiran yake bi.

Ga wanda bai san aikin ba, sammaci takarda ce mai gida biyu. Ɗaya ka miƙa wa mutum, ɗaya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ka komo da ita, ita ce shaidar cewa kira ya isa. In ba ka tarar da shi ba, kana iya bar wa babba a gidansa, ko mai gari. In ya ƙi karɓa, ka rubuta cewa ya ƙi a gaban shaidu, doka kuma ta ɗauka ya samu. Abin da doka ba ta yarda da shi ba shi ne wani ya shiga tsakani, ya tare maka hanya, ko ya ɓoye wanda ake nema, ko ya karɓi takardar ya danne, balle ya ɗaga maka hannu. Wannan laifi ne mai zaman kansa, ana ɗaure mutum a kansa ko da ba ruwansa da asalin shari'ar. Dalilin kuwa a fili yake. Alƙali ba ya hukunci sai ya ji, kuma ba zai ji ba in kira bai kai ga mai magana ba.

A waccan shekara damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. In ka bi hanyar arewa, mushen shanu ne ke nuna maka inda hanya ta bi. Makiyaya suka gangaro suka kafa tantunan fata a bayan garin Tahoua, suna jiran abin da Allah zai yi. A ƙauyuka kuwa anza ake ci, waɗannan ƴaƴan itace masu ɗaci da sai an jiƙa su ana sake musu ruwa kafin su ciwu, sai kuma jar dawar taimako da ake rabawa da tiya in motar ta zo. Ga shi zamanin mulkin soja ne. Mutumin ƙauye in ya hango kaki, ba ya tsayawa tambayar wa ake nema.

Shari'ar ta taso ne daga wani ƙauye da ke kan dutse arewa da Barmou. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu. A duk yankin rijiyarsu ce kaɗai ba ta ƙafe ba. Mai garin tsoho ne, idanunsa sun mutu, sai ƙanensa Nomau ke gudanar da komai da sunansa. Shi ke rabon dawar taimako, shi ke cewa wa zai shayar da dabba a rijiya, wa zai jira.

Wata rana wani makiyayi daga cikin Buzayen arewa, mai suna Gumar, ya iso rijiyar da abin da fari ya bar masa, taguwa guda da ƴan awaki. Aka hana shi ruwa, gardama ta kaure, ta ƙare da ɗan Nomau, saurayi mai suna Idi, kwance cikin jini da mummunan sara a kafaɗa. Aka kawo shi asibitin Tahoua, ya rayu, amma hannun bai sake komawa daidai ba. Nomau ya ce Gumar ne ya sare shi da takobi. Mazan ƙauyen da aka tambaya duk suka ce haka aka yi. Aka rufe Gumar a gidan kaso, kuma da shari'ar ta tafi a haka, shekaru zai yi a ciki.

Gumar kuwa magana ɗaya yake maimaitawa ta bakin tafinta. Takobinsa bai fita daga kube ba. Nomau ne ya kawo masa sara da gatari, ya goce, gatarin ya sauka a kan ɗansa da ke riƙe da shi ta baya. Ya ce akwai wata mata da ke jan ruwa kusa da su, ta ga komai, ya ji ana kiranta Rabi.

Alƙalinmu a lokacin matashi ne, mutumin gabas, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya sa aka aika wa Rabi sammaci ta hanyar da aka saba, wato ta ƙofar mai gari. Amsa ta dawo cewa matar ta tsallaka iyaka ta yi kudu gudun yunwa, ba a san inda take ba. A shekarar nan wannan ba abin mamaki ba ne, rabin ƙauyukan yankinmu na Adar sun watse haka. Da maganar ta mutu ke nan.

Amma matar Gumar, Fadimata, kullum tana zaune a inuwar katangar kotu da ƴaƴanta. Wata safiya ina shigowa ta tare ni da ƴar Hausarta da ba ta nuna ba. Ta ce ta je kasuwar Barmou neman labarin taguwarsu, aka nuna mata Rabi a zaune tana sayar da itace. Ta rantse mini da Allah. Na shiga na gaya wa alƙali. Ya ce wa girefiye a rubuta sabon sammaci.

Ya miƙo mini ya ce, "Isaka, wannan ba na mai gari ba ne, ba na wakilinsa ba ne. Hannu da hannu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in Allah ya yarda."

Na bi motar ƴan kasuwa zuwa Barmou, daga nan na taka da ƙafa, don jakin da za a ba ka haya a lokacin kai ne za ka ɗauke shi. Na isa ƙauyen da hantsi. Kamar yadda ƙa'ida take, na fara sauka ƙofar mai gari. Aka ce tsoho yana ciki ba ya jin daɗi. Nomau ya fito, dogo ne, mai faffaɗan ƙirji, a shekarar da kowa ya rame shi bai rame ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Muka gaisa, muka jajanta wa juna halin da ake ciki. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Ai mun ba da amsa tun wancan karo. Rabi ta tahi. Kawo takardar, in ta komo sai a ba ta."

Na ce, "Alƙali ya ce hannu da hannu. A nuna mini gidanta, in na ga ba ta nan sai in rubuta haka in koma."

"Gidan da babu kowa, mi za ka gani ciki?"

"Ko ƙohwar in gani, aikina ya cika."

Na tashi na nufi cikin gari. Wata tsohuwa da na tambaya ta karkata haɓarta wajen wani lungu. A ƙarshen lungun akwai wani ɗan gida mai dangar kara. Tun daga nesa na hango hayaƙi na tashi a bayan dangar, ga tukunyar anza a jiƙe a bakin ƙofa, ga sawun ruwan da aka zubar ko bushewa bai yi ba.

Ban kai ga ƙofar ba Nomau ya sha gabana, da majiya ƙarfi a bayansa, kowa da sanda. Murmushin nan na ƙofar mai gari duk ya tafi.

Ya ce, "Baƙo ba ya shiga gidan mata ga garin ga."

Na ce, "Ba ni shiga. Nan zan tsaya in yi sallama."

"Ba ka yi."

Na fiddo sammacin daga jaka na ɗaga shi sama don kowa ya ga hatimin. Na ce masa, a hankali, "Nomau, kai babba na, kuma ka san abin da wagga takarda take. Wanda duk ya tare ta, laihi ya hau kansa, ko da ba shi da komai cikin shari'ar. Ina roƙonka ka kauce."

Sai kawai ya fizge ta. Ya yaga biyu, ya haɗa ya sake yagawa, ya watsar. Akwai wata ramammiyar akuya a gindin danga, wadda haƙarƙarinta duk a waje. A shekarar nan awaki har tsumma suke ci. Kafin in sunkuya ta riga ni, ta bi guntayen tana lamushewa, har da wurin hatimin. Mazan suka fashe da dariya.

Nomau ya ce, "To, ga wadda ta karɓa. Ka ce wa alƙalinka ta zo ta ba da shaida."

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Ni kaɗai ne, ba kaki, ba bindiga, kuma in an jefa ni a wani kwazazzabo a kan dutsen nan, sai ungulu ce za ta san inda nake. Amma na tuna abu guda. Takarda ce akuya ta ci, bakina yana nan. Kuma na san abin da aka saba gaya wa mutanen ƙauye don a firgita su, cewa duk wanda kotu ta kira kaso za shi. Sai na juya wajen dangar karan, na ɗaga murya iyakar ƙarfina.

"Rabi! In kina jina, kotun Tahoua na kiranki! Shaida ake so ki ba da, ba ki yi laihin komai ba! Ba mai kama ki! Akwai mutum rufe cikin kaso, abin da idonki ya gani ake son ji!"

Sanda ta sauka a kafaɗata, hulata ta faɗi. Suka sa ni gaba da turi har bayan gari. Daga cikin gidan ban ji motsin kowa ba. Na tsinci hulata, na kama hanyar Barmou da rana tsaka, raina a ɓace, ina ganin na yi asarar tafiya.

Da na isa Tahoua na shiga wurin alƙali da ƙurar hanya a jikina, na ba da rahoto tiryan-tiryan, girefiye na rubutawa. Alƙali ya sa na buɗe kafaɗata ya duba. Da na zo wurin akuya, girefiye ya so ya yi dariya, ya dubi fuskar alƙali ya haɗiye.

Alƙali ya ce, "Ba kai aka daka ba, Isaka. Kotu aka daka. In wannan ya wuce haka nan, gobe duk mai ƴan sanduna a ƙauye shi zai zaɓa mana wanda za mu ji."

Aka sanar da mai gabatar da ƙara, aka buɗe wa Nomau tasa shari'ar daban, ta hana ma'aikacin kotu isar da sammaci, da lalata takardar kotu, da duka. Aka kira shugaban jandarmomi. Shi kuwa ba ya son dogon zance. Ya ce a ba shi mota guda da mutanensa, ya kwaso duk mazan ƙauyen ya zube su a farfajiyar kotu, matar ma a ɗauko ta.

Nan na nemi izinin magana, abin da ɗan saƙo bai cika yi ba a gaban manya. Na ce, "Ranka ya daɗe, in an shiga garin nan da kaki aka ɗauko ta, to an tabbatar mata da abin da Nomau ya gaya mata. Za ta zo, amma bakinta ba zai buɗe ba. A bar ni in sake kai mata, a gaban jama'a, inda ba mai iya cewa ba ta nan."

Shugaban jandarmomi ya ce, "Su sake dukanka?"

Na ce, "Ku tsaya inda za a gan ku, amma kada ku matso sai an gama da nata."

Alƙali ya tambaya yaushe ne mutanen ƙauyen suke taruwa gaba ɗaya. Amsar ba ta da wuya. Ranar rabon dawar taimako ko gurgu ba ya zama gida. Aka bincika ranar da motar hatsi za ta je can, alƙali ya sa hannu a takardu biyu, sabon sammacin Rabi da takardar kamo Nomau.

Ranar muka bi bayan motar hatsi da tazara, ni da jandarmomi biyu. Muka bari sai da aka sauke buhuna aka fara rabo. Jandarmomin suka tsayar da motarsu a gindin wani gawo a bakin gari, ni na taka na shiga.

Gari duk yana ƙofar mai gari. Mata sun yi dogon layi a zaune a rana, kowace da ƙwaryarta. An fito da tsohon mai gari an zaunar da shi a kan buzu a inuwa, liman na gefensa. Nomau na tsaye a kan buhuna da tiya a hannu, yana kiran gida-gida. Da ya gan ni, tiyar ta tsaya a sama. Ya hango motar da ke gindin gawo, ya dawo da idonsa kaina.

Na yi sallama, na durƙusa na gaida mai gari. Na ce, "Allah shi ba ka nasara, ɗan saƙon kotun Tahoua na. Na zo da sammacin shaida ga wata mata mai suna Rabi."

Tsohon ya ɗaga kai wajen muryata ya ce, "Rabi ta marigayi Tanko? Mi ya hana a ba ta?"

Nomau ya yi caraf ya ce, "Yaya, ai na hwaɗa mishi ba ta nan. Ta yi kudu."

Na miƙe na fuskanci layin matan. Ban san fuskarta ba, ko sau ɗaya ban taɓa ganinta ba. Duk sun sunkuyar da kai. Na sake faɗin abin da na faɗa a bakin danga, amma wannan karon ba da ihu ba. Na ce shaida ce, ba kamu ba. Na ce wadda aka kira za ta je da ƙafarta ta dawo da ƙafarta. Na ce ba zan nuna kowa da yatsa ba, mai suna ita ta san sunanta.

Na tsaya har na fara jin cewa yau ma a banza na zo.

Sai wata mata ta yunƙura daga tsakiyar layi. Gajeriya ce, ta manyanta, zanenta ya koɗe har ba a gane launinsa. Ta taho a hankali da ƙwaryarta a hannu, ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Ni ta Rabi. Na ji ka ran nan, ina bayan danga. Ba ni takardata."

Nomau ya diro daga kan buhuna. Ya ce, "Rabi, ki yi tunani. Marayu gare ki. In kin taɓa takardar ga, ba ki da tiya ga garin ga, yau ko gobe."

Ta dube shi, ta dubi buhunan. Wallahi da ta koma ta zauna ba zan ga laifinta ba, don na san abin da ke cikin tukunyarta. Amma sai ta sunkuya ta kife ƙwaryar a ƙasa a gabansa.

Ta ce, "Riƙe dawarka, Nomau. Tun ranar da anka tahi da Buzun nan ban yi barcin kirki ba. Yunwa ta hi sauƙi."

Ta miƙo hannu biyu. Na sa mata sammacin a ciki, na karanta mata ranar zama, na buɗe ƴar tawadar da nake yawo da ita, ta dangwala babban yatsanta a kan nawa rabin. Na roƙi liman ya zama shaida, ya ce ya shaida.

Sannan na juya na ce, "Nomau, saura taka." Na ɗaga hannu, jandarmomin suka taho. Mazan nan masu sanduna na ran nan, na ga wasunsu a cikin taron, kowa ya mai da idonsa ƙasa. Aka karanta masa takardar kamu. Ya fara cewa shi ƙanen mai gari ne, ba a yi masa haka a gaban talakawansa.

Tsohon mai gari ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Takardar hukuma ta zo ƙohwata har sau biyu ban sani ba? Da sunana anka yi ƙarya?" Ya ce a karɓi tiyar daga hannun Nomau a ba liman. Ya ce, "Malam, ci gaba da rabo. Ka hwara da ƙwaryar da anka kihe."

Liman ya ɗauki ƙwaryar Rabi da kansa, ya kakkaɓe ƙasar, ya auna mata. A cikin layin matan wata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa. A shekarar nan na daɗe ban ji guɗa ba.

Ranar zama Rabi ta riga mu zuwa kotu. Na tarar da ita da sassafe a bakin ƙofa, ta ƙulle sammacin a gefen zanenta. Da aka kira ta, ta tsaya gaban alƙali ta yi rantsuwa, ta faɗi abin da ta gani ba ƙari ba ragi. Ta ce Gumar ya roƙi ko guga ɗaya don taguwarsa. Ta ce Idi ya riƙe shi ta baya, Nomau ya ɗaga gatari, Buzun ya sunkuya. Ta ce ita ta yage gefen mayafinta ta ɗaure wa Idi kafaɗa, kuma takobin Gumar yana rataye a kubensa har aka kayar da shi.

Alƙali ya sa aka kawo Idi, hannunsa a saƙale a wuya. Bai tsananta masa ba. Ya ce, "Matar da ta ɗaure maka rauni ce ta yi magana. Ƙarya ta yi?"

Idi ya sunkuyar da kai. Sannan hawaye suka zubo masa, ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba. Gatarin baba na. Ba ni ya nuhwa ba."

A ranar aka sallami Gumar. Ni aka ba takardar sakin na kai gidan kaso, kuma a duk takardun da na ɗauka a rayuwata ba wadda na yi saurin kaiwa kamarta. Da ya fito, Fadimata ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Taguwarsa dai ta mutu a ɗaure a ƙauyen tun yana tsare, wannan ba kotun da za ta iya mayar masa. Awakin da suka rage mai gari ya sa aka kawo masa har Tahoua.

Nomau ya amsa tasa shari'ar. Na tsaya a matsayin shaida, karo na farko da na tsaya a wancan gefen. Aka same shi da laifin hana isar da sammaci da dukan ma'aikacin kotu, aka haɗa masa da ƙazafin da ya yi wa Gumar, ya yi zamansa a ɗakin da Gumar ya bari. Alƙali ya faɗa a bainar jama'a cewa ko da a ce Gumar ne mai laifi, tare takardar kotu kaɗai ya isa a ɗaure mutum. Labari ya bazu a kasuwannin Adar. Bayan haka, shekaru da dama, duk ƙauyen da na shiga da jakata, tun kafin in gama gaisuwa ake aikawa a kira mini wanda nake nema.

Da za ta koma gida, na raka Rabi tasha. Na ce ta iya jefar da takardar yanzu, aikinta ya ƙare. Ta dafe ƙullin zanenta ta ce, "A'a. Tun da anka haihe ni, ba a taɓa aiko mini da takarda da sunana ba. Hukuma ta san ina da baki. Ina aje ta."

To, abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mun saba ɗaukar sammaci kamar bulala, mutane ma haka suke kallonsa, shi ya sa masu son danne gaskiya suke samun sauƙin tsorata su da shi. Amma sau da yawa wanda ake ɓoye wa takardar shi ne aka fi zalunta, don an hana shi faɗin abin da ke cinsa a rai. Kada ku bar sammaci a hannun mai cewa kawo in ba shi, in kuna da halin isa ga mai shi. In kun isa, kada ku miƙa ku juya kamar masu gudun bashi. Ku tsaya ku gaya wa mutum da harshen da yake ji, me ake nema a wurinsa, me zai same shi, me ba zai same shi ba. Kuma kada ku raina mutanen da kuke kai wa kira don kun gan su da koɗaɗɗen zane. Na yi aiki da alƙalai masu ilimi da jandarmomi masu ƙarfin hali, amma a shari'ar nan dukanmu jira muka yi, har sai da wata gwauruwa mai jin yunwa ta tashi daga layin hatsi ta ce a ba ta takardarta.